Kabewar Jego a Rumfar Shammam

Idan ka shigo Dalbat ta bakin gada, ka hangi wata tsohuwa a duƙe tana tura keken jarirai babu jariri a ciki, da 'yar kujerar soso ɗaure a bayanta tana lilo, to Do Pilnam ce. Ba mai kiranta da wannan suna sai ma'aikatan asibiti. Mu 'Yar Gacon muke ce mata, don daga ƙauyen Gacon aka kawo ta aure, kuma ko da ta tsufa a cikinmu, har gobe 'Yar Gacon ce. Sunan nata ma ba don ita aka raɗa shi ba. Ubanta ne ya gaji da haihuwar mata, ya saka mata sunan da ke cewa na gaba lallai namiji ne. Na gaban ya zo mace. Pilnam takan ba da wannan labari tana dariya har da ƙwalla, ta ce ita tun tana cikin zani ta fara saɓa umarni.

Noman shammam, ɗan'uwan kankana, ne ya lanƙwasa mata baya, kamar yadda ya yi wa yawancin matan yankinmu na Songju. Ɗan rawayan nan mai fararen layuka, wanda da kaɗan ya fi tafin hannu, ba ya yarda a yi masa aiki a tsaye. A tsugune ake dasa shi, a tsugune ake rage masa ganye, a tsugune ake tsinkarsa. Da hunturu kuwa sai an lulluɓe shi da bargo kowace yamma a cikin rumfar leda, gari na wayewa a yaye masa ya sha rana. Pilnam ta ce ko mijinta, marigayi Bae, bai taɓa samun irin wannan hidima a wajenta ba, kuma bai taɓa nema ba, don ya san amsar da zai samu.

Bayan rasuwar Bae, ɗansu Sanggil ya baro masana'antar da yake aiki a birnin Daegu ya dawo gona. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ko kare ya tare masa hanya sai ya kewaya. Ya daɗe bai yi aure ba, har uwar ta fitar da rai, sai ga shi da Hien, 'yar ƙasar Vietnam da suka yi aiki tare a masana'antar. Gari ya zuba ido ya ga yadda 'Yar Gacon za ta murƙushe baƙuwa, amma 'yan kallo ba su samu abin da suka zo nema ba. Faɗansu na farko a kan tukunya aka yi shi. Hien ta zuba ruwan kifinsu na gida a miya, Pilnam ta ce an kashe mata miya, ita kuwa Hien ta miƙa mata cokali. Tsohuwa ta ɗanɗana, ta ce babu daɗi, ta cinye kwanonta ta nemi ƙari. Daga ranar suka ɗinke.

A bakin Pilnam Hien ta koyi harshen gari, shi ya sa take magana kamar wadda ta yi jika, da habaici da zagin wasa da komai. Noma ma a wajenta ta koya, ta kuma wuce malamarta. Rumfa ta uku, wadda ke can ƙarshen gona kusa da magudanar ruwa, Pilnam da kanta ta sallama mata ita. Ta ce wai don ƙasar wajen ba ta da kyau ne, amma kowa ya san ita ce rumfar da ta fi ba da shammam mai zaƙi.

Abu ɗaya ne ke ci wa Hien rai. Mahaifiyarta, wadda ke can ƙauyensu na bakin kogi, ba ta taɓa ɗanɗana abin da 'yarta ke nomawa ba. Ta gan shi a waya sau ba adadi, Hien na ɗaga shi tana juyawa, tsohuwar na tambaya ko kamar gwanda yake, ko kamar kokwamba. Ta yaya za ka gaya wa mutum ɗanɗano a waya? Shekarar da Hien ta je ganin gida, Pilnam ta cusa mata shammam a akwati tsakanin kayan sawa, ta ce wa zai buɗe kayan mace. Aka buɗe. A filin jirgin can aka zazzage su duka cikin kwandon shara, Hien na tsaye tana kallo. Ɗanyen abin gona ba ya tsallaka iyaka sai da shaida, kuma akwatin mutum ba ya samun shaida.

Sai ga wata shekara ta zo da albishir biyu a jere. Na farko, an buɗe wa shammam ɗinmu ƙofar Vietnam. Na biyu, bayan dogon jira, Hien ta samu ciki.

A zauren gari aka yi taron albishir na farko. Ofishin kula da lafiyar tsirrai ya turo wata matashiya, Malama Pyo, mai tabarau da murya ƙasa-ƙasa, ta zo da hotuna. Ta ce duk wanda ke so shammam ɗinsa ya shiga jirgi, sai an yi wa rumfarsa rajista an ba ta lamba, kuma lambar za ta bi kowane kwali har inda za shi. Duk wata kafa da iska ke shiga sai an rufe ta da raga. Ƙofa biyu za a yi, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. A bakin ƙofa akwai tiren ruwan magani da za a tsoma takalmi. A ciki da waje za a rataye tarko rawaya mai danƙo, a riƙa dubawa. Wajen ɗaurin kaya ma sai ya samu tasa shaidar. Bayan duk wannan, mutanen can za su turo nasu mai duba ya gani da idonsa. Sannan ta nuna hoton wanda ake yi wa duk wannan shiri: wani ƙuda mai launin ƙasa-ƙasa da zane a fiffike, ƙudan kabewa. Ta ce ƙasarsu Hien ba ta da shi, ba ta kuma son sa. In aka ga ko guda ɗaya a kayanmu, ba gonar mutum ɗaya za a rufe wa ƙofa ba, ta ƙungiyar manoman garin ce gaba ɗaya. Don haka kada a bar kabewa kusa da rumfa.

Maza suna gyaɗa kai kamar sun gane. Daga layin tsofaffin mata a baya aka jiyo muryar Pilnam.

"'Yar nan, ni na tsufa sauro na cina, ba wanda ya kafa mini gidan sauro. Yanzu shammam za a kafa wa?"

Jomnye, ƙawarta ta karta kuma abokiyar faɗanta, ta ɗora da cewa saura a ɗauke shi hoton fasfo. Zaure ya ɗauki dariya. Malama Pyo ma ta murmusa, ta ce kusan haka ne, Kaka. Hien ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ita ta fara ɗaga hannu, kuma rumfa ta uku ce ta fara samun lamba a duk Dalbat. Da yamma ta kira uwarta ta ce ta shirya, kafin bazara ta yi nisa za ta shiga kanti a birninsu ta sayi shammam ɗin 'yarta da hannunta.

Pilnam ta jure raga, ta jure ƙofa biyu, ta jure tiren magani duk da ta rantse yana cin roban takalminta. Abin da ba ta jure ba shi ne ranar da ta fito ta tarar Sanggil ya tumɓuke kabewar da ta shuka a gefen magudana. Wace tsohuwa ce a Dalbat ke ganin taku ɗaya na ƙasa a banza ta ƙyale? Gefen hanya, gindin katanga, bayan makewayi, ko'ina sai ka ga kabewa na yaɗo. Kuma wannan ba kabewar banza ba ce, irin gidansu ce ta Gacon, wadda ta zo da 'ya'yanta a ƙulle cikin kayan aure. Sanggil ya yi ta ba da haƙuri yana cewa doka ce, Mama. Ta ce to dokar ta dafa masa abinci. Ya kwana biyu yana cin taliyar leda.

A nan ne mutane suka yi mata gurguwar fahimta. Sun ɗauka taurin kai ne kawai, alhali akwai abin da ba ta faɗa. Lokacin da ta haifi Sanggil, ba a bar ta ta yi jego ba. Aiki ya yi yawa, surukarta kuma ba mai sanyin zuciya ba ce. Ta koma gona jiki duk a kumbure, ƙafa ba ta shiga takalmi, fuska kamar ba tata ba. Sai wata rana da tsakar rana ta ɗago daga tsugune ta hangi uwarta tana gangarowa daga hanyar dutse, ta taho a ƙafa tun daga Gacon da tsohuwar kabewa a ka. Ta fafe ta, ta zuba zuma, ta turara, ta tsaya a kanta har ta shanye ruwan. Kumburin ya saɓe ko bai saɓe ba, Pilnam ba ta tuna. Abin da take tunawa shi ne ranar ta san ita ma 'yar wani ce. To ga Hien da ciki, uwarta na bayan teku. Wa zai gangaro mata daga dutse da kabewa a ka?

Don haka ta ɗauki sauran irin ta hau tudu, ta shuka a gefen kabarin Bae, inda ba rumfa ba raga ba Malama Pyo. Ta gaya wa marigayi ya sa ido, tunda ba wani aiki yake yi ba. Ya kuwa sa ido. Da kaka ta yi, kabewa ta nuna jajir, manya-manya masu zurfin tsagi, fatarsu ta yi farin gari kamar an barbaɗa. Ta riƙa sauko da su ɗaya-ɗaya a keken jarirai, ta rufa musu tsohuwar riga. Wanda duk ya tambaya ta ce busasshen ganye ne.

Sai maganar wajen ajiya. Haihuwa sai bazara, kabewa kuwa ba ta son sanyi mai daskarewa, ba ta kuma son zafi. A tsohon gida akwai kusurwar ɗaki da wutar da ke ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe ba ta kaiwa, nan ake jera su har hunturu ya wuce. Amma Sanggil ya gyara gida, yanzu ko'ina ka taka ɗumi ne, kabewa za ta ruɓe kafin sabuwar shekara. Ɗakin ajiya na waje kuwa ruwa ma ƙanƙara yake zama. Pilnam ba ta ma yi dogon tunani ba. Tun da aka fara rumfar leda a garin nan, ita ce ɗakin ajiyar kowa. A ciki ake shanya barkono, a ciki ake rataye ganyen da za a yi miya da shi da hunturu, a ciki ake shanya wanki, kyanwar Jomnye ma a ciki take haihuwa. A can ƙuryar rumfa ta uku akwai tarin tsofaffin barguna da ba mai taɓawa.

Kada a ce ba ta bi doka ba. Ta tsoma takalminta a tiren magani, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe ƙofar waje ruf kafin ta buɗe ta ciki. Har ta tsaya ta kaɗa hannu a tsakanin ƙofofin don kada wani ƙuda ya biyo ta. Sannan ta shige da kabewarta a rungume, zuciyarta wasai.

Hunturu ya kankama. Shammam ya yi fure, aka shigo da akwatin ƙudan zuma, 'ya'ya suka fara fitowa. Cikin Hien ya girma har tsugune ya gagare ta, sai ta riƙa aiki a durƙushe tana yi wa ɗan cikin faɗa da bakin tsofaffi. Tarko na nan rawaya fes, ba abin da ya kama sai ƙananan ƙwari marasa laifi. Aka ce mai duba daga can yana tafe.

Wata ranar da dusar ƙanƙara ta hana kowa fita gona da wuri, tsofaffin mata suka taru a zaure suna karta, aka ce ana marmarin kunun kabewa. Pilnam, da ba ta iya ɓoye abin alfahari ba, ta ce su jira. Ta dawo da ɗaya daga cikin nata, ta dire a tsakiya, ta ce su kalli abin da ake kira kabewa, wadda Bae ya yi mata gadi a tudu, ba irin ƙwallon da Jomnye ke shukawa ba. Ta kafa wuƙa, ta danna da gwiwa, kabewa ta rabe biyu. Cikin ya yi baƙi-baƙi, ga tsutsotsi farare suna lanƙwashewa suna tsalle har kan tabarmar karta.

Ba wadda ta firgita. Wace ce a cikinsu ba ta taɓa fasa kabewa ta ga haka ba? Akan kwashe a watsa wa kaji, a yanke inda ya lalace, a dafa sauran. Dariya ma aka yi, ana cewa Bae bai yi gadi da kyau ba. Jomnye tana share tabarma da bayan hannu ta ce, "Kin ga 'ya'yan ƙudan Malama Pyo. Su ne fa suke girma su yi fiffike. Gara da a nan kika fasa, ba a gona ba."

Pilnam ta tsaya da wuƙa a hannu. Ita duk rayuwarta tsutsa daban, ƙuda daban. An ce mata a tsare ƙofa don wani abu mai fiffike da ke yawo a waje, ta kuwa tsare. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa yana zaune lafiya lau cikin abin da ta rungumo ba. Ta ce ta manta tukunya a wuta, ta fita ba ta ko ɗauki gyalenta ba.

Rumfar da ɗumi, ƙamshin ganye da ƙasa ya cika ta. Ta ɗaga barguna. Biyu suna nan garau. Ta ƙarshen ta lotsa, da ta juya ta sai ga ƙananan huji a ƙasanta. Ta fasa ta da hannu. Babu komai a ciki sai ruɓa, masu gidan sun riga sun fice sun shige ƙasa, ƙasar nan mai laushi da ake lulluɓewa da bargo kowace yamma. A waje da sanyi zai riƙe su har damina. A nan kuwa an ba su masauki.

Ta zauna a kan kujerar sosonta. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar Bae. Shawara ta zo mata, mai sauƙi kuwa: ta kwashe komai a keken jarirai ta yi shiru. Wataƙila su mutu a ƙasa. Wataƙila ba za su fito ba sai an gama kai kaya. Amma in suka fito fa? In aka ga ɗaya a can, kwalin da za a ɗaga lambar Hien ce a jikinsa, a ƙasar su Hien, kuma ƙofar duk gari za ta rufe da sunanta. Tana cikin wannan ta ji an rufe ƙofar waje an buɗe ta ciki. Hien ce, hannu ɗaya a ƙugu.

"Mama, me kike yi a nan ba gyale? So kike ki kwanta ciwo in haɗa jinya biyu?"

Sai idonta ya sauka kan kabewar. Ta daɗe tana kallo. Pilnam ta buɗe baki ta gaya mata duka, tun daga tudu har zuwa abin da Jomnye ta faɗa, ba ta rage ba ta ƙara ba. Rabon da ta yi magana mai tsawon haka babu zagi a ciki har ta manta.

"Ta mece ce kabewar?" in ji Hien.

"Ta jegonki ce."

Hien ta juya baya, ta dafa ƙarfen rumfa. Da ta yi faɗa da ya fi wa tsohuwa sauƙi. Can ta ciro waya daga aljihu, tana neman lambar Malama Pyo. Pilnam ta ce ta miƙo, wanda ya shigo da abu shi zai faɗa da bakinsa.

Malama Pyo ta zo a ranar. Ba ta yi faɗa ba, ta ma gode da aka faɗa da wuri, wanda hakan ya ƙara ƙona wa Pilnam rai. Aka haƙe ƙasar ƙuryar aka kwashe a buhu har da sauran kabewar, aka zuba magani, aka ƙara tarko. Gonar gidan Bae gaba ɗaya aka cire ta daga fitar bana, sai baɗi in an sake dubawa. Sauran gari kuwa suka tsira. Sanggil ya fita bayan rumfa ya yi wa magudanar ruwa ihu, wanda shi ne iyakar fushin da aka taɓa gani a wajensa. Shammam ɗin ba asara ya yi ba, kasuwar gida na nan tana jira, kuma ta saya. Amma da yamma Pilnam ta jiyo Hien a ɗaki tana waya da uwarta. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshensu, amma babu abin da ba ta gane ba.

Gari kuwa ya samu abin yi. A zaure aka sa mata suna 'yar fasa-ƙwaurin kabewa. In ta wuce da keken jarirai sai Jomnye ta tare ta ta ce a buɗe a duba. Da can da ta mayar da martani har sai an raba su. Yanzu sai ta ɗaga rigar da kanta ta nuna babu komai, ta wuce. Wannan ya sa tsokanar ta daina daɗi, aka bari.

Ranar da motar farko ta shammam mai fita waje ta tashi, aka rataya ƙyalle mai rubutu, aka ɗauki hoto, mai unguwa ya yi jawabi a lasifika har aka gaji. Hien ta tsaya a gefe da cikinta tana tafa wa kwalayen maƙwabta. Pilnam ta hango ta daga bakin gada, ta kasa ƙarasawa. Ta juya ta tarar da Sanggil yana wanke taya.

"Kai, shammam aka hana fita. Uwarta an hana ta shigowa?"

Sanggil ya ce ba a hana ba, amma akwai fasfo, akwai biza, akwai kuma jirgi. Ya fara lissafi da yatsu. Ta ce ba lissafi ta tambaye shi ba. Mutumin da ya iya cika sharuɗɗan shammam, in ji ta, ba zai kasa na tsohuwa guda ba.

Hien ta sauka lafiya lokacin da itatuwan bakin kogi suka yi fure, ta samu mace. Pilnam ta kafa doka ɗaya tak, cewa duk sunan da za a saka ya zama na yarinyar ne ita kaɗai, ba na jiran wani ba. Ta dafa miyar ganyen teku, wadda ake ba maijego a wajenmu, tukunya bayan tukunya. Sanggil ya sayo ruwan kabewa na kanti a ƙananan ledoji, ta karɓa ta ɗumama ta kai wa maijego, ba ta yi sharhi ba. Kowa a gidan ya san abin da wannan shirun ya ci mata.

Bayan 'yan kwanaki Sanggil ya dawo daga filin jirgi da surukarsa. 'Yar ƙaramar mace ce, baƙar rana ta dafa ta, bayanta a lanƙwashe daidai irin na Pilnam. Ta rungume 'yarta, ta ɗauki jika, amma fuskarta ba ta saki ba, tana ta magana ƙasa-ƙasa tana nuna jakarta. Pilnam ta tambayi abin da ya faru, ko tafiyar ce. Hien ta saurara, ta rufe baki da hannu, sannan ta fassara. Wai ta haƙo ɗanyen kurkum da citta a bayan ɗakinta, wanda ake yi wa maijego amfani da shi a wajensu, ta naɗe cikin kayan sawa don ta san ba mai buɗe kayan tsohuwa. Wani ɗan kare a filin jirginmu ya zo ya zauna a gaban jakar ya ƙi tashi. An karɓe duka. Kunya take ji, ta zo jegon 'yarta hannu wofi.

Pilnam ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta zauna daɓas a ƙasa tana buga cinya. Baƙuwar ta tsaya kallonta, ba ta san ko wulaƙanci ba ne. Da dariyar ta tsaya sai aka ga hawaye ne ke bin fuskar 'Yar Gacon, ba ta kuma share ba. Ta miƙe, ta kama hannun matar.

"Taho, sadon," ta ce, don haka iyayen miji da na mata ke kiran juna. "Ni ma hannu wofi nake. Taho ki ga abin 'yarki."

Su biyu suka tafi, ba mai fassara. A bakin rumfa ta uku Pilnam ta nuna tire, ta tsaya a kanta sai da ta tsoma ƙafa biyu. Matar ta kai hannu ƙofar ciki, Pilnam ta buge hannun, ta nuna a rufe ta waje tukuna. Tun bayan abin da ya faru ba a yi mai tsaron ƙofa irinta a Dalbat ba, mai unguwa ma ta taɓa mayar da shi ya sake tsoma takalmi.

Suka tsuguna a tsakanin kunya. Pilnam ta ɗaga ganye, ta zaɓi wanda layukansa suka fi fari, ta fere da 'yar wuƙar aljihunta, ta yanka ta miƙa. Matar ta gutsura. Ta daina taunawa, ta kalli dogon layin shuka har ƙarshen rumfa, ta faɗi wata magana a hankali, a ciki akwai sunan Hien. Ruwan shammam na bin hannunta har gwiwar hannu, ba ta kula ba. Ta ci na biyu. Sannan, da ta ga kamar ba a kallonta, ta tattara 'ya'yan da suka zube a cinyarta, ta ciro hankici ta fara ƙullewa.

Pilnam ta kama wuyan hannunta. Ta kwance ƙullin a hankali, ta juye 'ya'yan a tafin matar, ta tura hannun zuwa bakinta.

"A'a, sadon. Har da 'ya'yan ake ci. Abin da za ki kai gida, a cikinki za ki kai shi, nan kare ba ya dubawa."

Matar ta dube ta, ta dubi tafinta, ta haɗiye. Pilnam ta gyara zaman kujerar sosonta, ta ɗaga wani ganyen tana neman wanda ya fi nuna.